Daga Albashi Zuwa Kwangila: Lissafin Masu Kafa Wa Asibitoci Manhajar Kwamfuta A Suleja

SULEJA — A watan Janairu na shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta ba da umarnin dakatar da ayyukan agaji da take ɗaukar nauyinsu a ƙasashen waje, kuma a farkon watan Yuli na shekarar hukumar USAID ta daina aiki baki ɗaya. A Nijeriya, daga cikin waɗanda wannan mataki ya shafa akwai wani rukuni da ba a cika jin ɗuriyarsa ba, wato ma'aikatan kwamfuta da na ƙididdiga waɗanda ƙungiyoyin yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro suka ɗauka domin kula da bayanan majinyata. Ofisoshin yawancin ƙungiyoyin suna Abuja. Wasu daga cikin ma'aikatan kuwa, kamar sauran waɗanda tsadar haya ta kora daga birnin tarayya, a Suleja, Madalla da Gauraka suke kwana.

Ga mutumin da albashinsa ya tsaya ta wannan hanya, ko wanda ya ajiye aiki don raɗin kansa, akwai sana'ar da take kusa da hannu. Ita ce zama ƙwararre mai zaman kansa, wanda zai riƙa ba asibitoci shawara a kan manhaja, wato tsarin umarnin da kwamfuta take bi wajen ajiye tarihin majinyaci, lissafin magani da kuɗin da ya shigo, sannan ya kafa musu ita, ya koya wa ma'aikata. Sana'a ce ta gaske, kuma akwai bukatarta. Sai dai abin da yake kayar da masu shigarta ba ƙarancin ilmin kwamfuta ba ne. Tazarar da ke tsakanin ranar da aka gama aiki da ranar da kuɗi ya shiga asusu ita ce take kayar da su.

Suleja tana da matsayin da ya sa lissafin ya bambanta da na sauran garuruwan Jihar Neja. Garin ne ya ba da sunansa na asali, Abuja, ga sabon birnin tarayya bayan dokar soja ta shekarar 1976, ya ɗauki sabon suna daga na Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991 jama'a suke kwararowa, kuma tare da su aka samu ƙananan asibitoci masu zaman kansu, gidajen karɓar haihuwa, ɗakunan gwaje-gwaje da shagunan magani, ban da Babban Asibitin Suleja na gwamnatin jiha. Ƙwararren da ke zaune a nan yana iya kai wa Abuja, Gwagwalada da Sabon Wuse ya komo a yini guda. Amma kusancin nan kaifi biyu gare shi, domin duk kamfanin da ke Abuja shi ma yana iya isowa Suleja kafin azahar.

Abu na farko da ya kamata mai wannan niyya ya fahimta shi ne cewa ita kanta manhajar ba haja ce mai tsada ba. Tarihinta a asibitocin Nijeriya ya daɗe. Tun a shekarar 1989 Jami'ar Obafemi Awolowo da asibitin koyarwarta da ke Ile-Ife suka haɗa gwiwa da Jami'ar Kuopio ta ƙasar Finlan wajen ƙera tsarin da aka sa wa suna MINPHIS. Daga baya aka samu manyan manhajoji da ake bayarwa kyauta: DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take jagorantar ƙera ta, kuma wadda Nijeriya ta ɗauka domin tattara rahoton wata-wata daga cibiyoyin lafiya, da OpenMRS, wadda aka fara a 2004, kuma a kanta aka gina ɗaya daga cikin tsarin da asibitocin kula da masu ƙanjamau suke amfani da su a ƙasar nan. A ɗaya gefen kuma akwai kamfanoni masu jarin waje. Helium Health, wanda aka kafa a Legas a 2016, ya tara jarin dala miliyan 30 a shekarar 2023. Mutum ɗaya da kwamfutarsa a Kwamba ba zai yi gasar rubuta manhaja da kyauta ba, ba kuma zai yi da mai dala miliyan 30 ba.

Abin da yake da shi na sayarwa daban ne, kuma ya fi wahalar kwaikwayo. Shi ne zai zauna a ɗakin kati ya ga yadda majinyaci ɗaya yake da fayil uku da sunaye uku, ya tsara yadda za a haɗe su. Shi ne zai lallashi likitan da yake ganin mutum hamsin kafin la'asar ya yarda cewa buga rubutu a allon kwamfuta ba zai tsawaita layi ba. Shi ne za a kira da ƙarfe goma na dare idan na'urar buga rasit ta ƙi aiki. A taƙaice, jiki yake sayarwa da lokaci, kuma jiki ɗaya ne da shi. Wannan ne ya sa kuɗin shigarsa yake da rufi: iyakar asibitocin da zai iya kula da su ita ce iyakar kasuwarsa, sai fa ranar da ya iya ɗaukar yara ya biya su albashi, wanda hakan kuma wani lissafin ne.

To, wa zai biya? Ƙungiyoyin agaji su ne suka fi biya da kyau a da, kuma raguwar kuɗinsu ce ta jawo maganar tun farko. Gwamnati tana da manyan kwangiloli, musamman tun da ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ƙaddamar da shirinta na mayar da harkokin lafiya kan kwamfuta a 2024, amma sharuɗɗan neman kwangila, irin su takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku da shaidar ayyukan baya, sukan rufe wa sabon shiga ƙofa. Yakan ƙare ne a matsayin ɗan kwangilar ɗan kwangila, wanda shi ne na ƙarshe a layin biya. Saura mai asibiti mai zaman kansa, kuma a kansa ya kamata a tsaya.

Mai ƙaramin asibiti ɗan kasuwa ne kafin komai. Ba zai fitar da kuɗi don a ce asibitinsa ya bi zamani ba. Dalili biyu ne suke sa ya sa hannu a aljihu. Na farko shi ne yoyon cikin gida: maganin da yake fita daga ɗakin magani ba tare da rasit ba, gwajin da aka yi aka karɓi kuɗinsa a bayan fage, da kayan da wa'adinsu ya ƙare a kan kanta ba a sani ba. Manhajar da ta haɗa likita, ɗakin magani da mai karɓar kuɗi tana toshe wannan. Tana kuma jawo wa wanda ya kawo ta gaba daga duk wanda yake ci daga yoyon, abin da ba a cika gaya wa sabon shiga ba. Idan kwamfuta ta riƙa lalacewa a sashe ɗaya kullum ba tare da dalili ba, galibi ba injiniya ake bukata ba. Mai asibiti ne ya kamata ya leƙo da kansa.

Dalili na biyu shi ne inshorar lafiya, kuma shi ne yake ƙaruwa. An kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa da dokar soja mai lamba 35 ta 1999, ya fara aiki a 2005. A watan Mayu na 2022 aka maye gurbinsa da dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ita ma Jihar Neja tana da nata shirin na karo-karo. Asibitin da ya shiga tsarin yana samun kuɗi ta hanya biyu: wani adadi tsayayye a kan kowane mutum da aka yi wa rajista a wurinsa, da kuma kuɗin aikin da ya yi, wanda sai ya rubuta takardar nema zuwa ga kamfanonin dillancin inshora da aka fi sani da HMO. Takardar da ba ta cika ba, ko wadda lambar izininta ba ta dace ba, dawo da ita ake yi ko a rage kuɗin. Ga Suleja, inda ma'aikatan gwamnatin tarayya da iyalansu suke da yawa, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ƙwararren da zai iya nuna wa mai asibiti adadin takardun da aka ƙi biya bara, da yadda za a rage su bana, ya samu abin da zai ɗora farashinsa a kai. Wanda ya je da bayanin kyawun manhaja kawai, shayi zai sha ya fito.

Daga nan sai kuɗin kashewa, wanda yawancinsa da dala ake auna shi alhali kuɗin shiga da Naira ne. Kwamfuta, na'urar rarraba intanet, batir, farantan hasken rana da hayar rumbun ajiyar bayanai na intanet duk farashinsu yana bin canji. A tsakiyar 2023, kafin a saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala tana wajen Naira 460 a hukumance. A farkon 2024 ta haura Naira 1,500. Duk wanda ya sa hannu a kan farashi tsayayye kafin wannan lokaci, da aljihunsa ya cika giɓin. Batun wuta kuma bai bar kowa ba. Jihar Neja ce take da madatsun Kainji, Shiroro da Zungeru, amma babu mai hankalin da zai kafa wa asibiti tsarin da zai tsaya da zarar an ɗauke wuta ko intanet ya yanke. Tilas a sa kuɗin batir da sola cikin farashi tun farko, a kuma zaɓi tsarin da zai yi aiki a cikin gida ko da babu intanet.

Akwai kuma abin da ake rasawa tare da albashi wanda ba ya fitowa a takardar albashin. Bisa dokar fansho ta 2014, mai ɗaukar ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8. Wato a kan kowace Naira 100,000 ta albashin da ake lissafa fansho a kai, akwai Naira 10,000 da take shiga asusun mutum ba daga aljihunsa ba. Wannan yana tsayawa ranar da ya ajiye aiki, haka ma inshorar lafiyar iyalinsa idan ofis ne yake biya. Dokar ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba, kuma ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, ya ciri kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara. Da yawa suna kallon wannan a matsayin jari. Gaskiyar magana, guzurin tsufa ne ake ci da ƙuruciya.

A ɓangaren haraji, ƙa'idojin da suka fara aiki a Janairun 2025 sun sa ana cire kashi 5 cikin ɗari daga kuɗin aikin ba da shawara tun daga tushe. Kwangilar Naira miliyan ɗaya ke nan Naira 950,000 take shigowa, saura sai an daidaita a lissafin ƙarshen shekara. Rajistar kamfani ta yi sauƙi, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Jinkirin biya shi ne babban harajin da babu dokar da ta rubuta. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A irin wannan yanayi, bashin da ya shekara ba a biya ba ya rasa kusan rubu'in ƙarfinsa na saye. Rance don cike giɓi ma ba mafita ba ce, tun da a ƙarshen shekarar Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba ƙaramin ɗan kasuwa. Saboda haka ne yarjejeniyar da ta fi amfani ba ita ce mai babban kuɗin kafawa sau ɗaya ba. Wadda ta fi ita ce mai kuɗin somin-taɓi da ya isa sayen kaya, sannan ƙaramin kuɗin kulawa na wata-wata. Asibiti biyar masu biyan kaɗan a kan kari sun fi kwangila ɗaya babba da ake bin ta ofis-ofis. Kuɗin kulawar nan shi ne abin da ya fi kama da albashi a wannan sana'a, kuma har sai ya isa ɗaukar haya da cefane, mutum yana rayuwa ne a kan ajiyarsa.

Bayanan majinyaci ba kamar lissafin shago ba ne a idon doka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta su, dokar kare bayanan jama'a ta watan Yunin 2023 kuma ta sa su cikin rukunin bayanai masu tsananin sirri. Tarar da ta tanada tana iya kai Naira miliyan 2 ga ƙananan masu riƙe bayanai da miliyan 10 ga manya, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara idan shi ne ya fi yawa. A ofis, lauyan ƙungiya ne yake ɗaukar wannan nauyi. Mai zaman kansa da ya tafi gida da kwafin bayanan asibiti a kwamfutarsa, aka kuma sace ta a tashar mota, shi da mai asibitin ne za su amsa tambaya. Yarjejeniya a rubuce da ta fayyace cewa bayanan na asibiti ne, da inda za a ajiye su, da yadda za a miƙa su idan an raba gari, tana kare ɓangarorin biyu.

Ma'aikacin kamfani ko na ƙungiya yana iya gwada kasuwar a ranakun hutu kafin ya rubuta takardar murabus, muddin yarjejeniyar aikinsa ba ta hana ba, kuma wanda ya fita da asibiti biyu a hannu ya fi wanda ya fita da katin kasuwanci kawai. Ma'aikacin gwamnati ba shi da wannan dama. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulki na 1999 sun hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ta kansa in ban da noma. Ga jami'in ƙididdiga ko na kwamfuta da ke ma'aikatar lafiya a Minna ko Abuja, sai ya ajiye aikin kafin doka ta ba shi damar rubuta wa asibitin farko takardar farashi.