Rainon Iri da Lambun Gida a Ƙasar Rimin Gado

Gabatarwa

Lambu shi ne wurin da ake shuka kayan miya da na marmari ana yi musu ban-ruwa, ba tare da an jira ruwan sama ba. A wasu kare-karen Hausa, musamman na Katsina da Jamhuriyar Nijar, akan ce garka. Rimin Gado, wadda ke yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo, tana cikin yankin nan mai cunkoson gonaki da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kai tun cikin shekarun 1960. Ƙidayar 2006 ta nuna fiye da mutum 100,000 ne ke zaune a ƙaramar hukumar, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 225. A irin wannan wuri ba a barin ƙasa ta huta, kuma ko taƙi biyu na bayan ɗaki abin amfani ne.

Bazararmu da ta Turawa

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a fassarar littattafan aikin gona, wanda ya kamata ɗalibi mai shirin zama malami ya kiyaye. Turawa suna da wani lokaci daga Maris zuwa Mayu, wanda suke fitowa daga tsananin sanyi, kuma a cikinsa ne suke fara aikin lambu. Masu fassara sun saba kiran wannan lokaci bazara, don kawai watannin sun zo ɗaya. To amma bazarar Bahaushe lokacin zafi ce, wanda a Kano yakan kai digiri 40 a watan Afrilu. Mai lambu a Ingila yakan tsirar da irinsa a cikin ɗaki ko ɗakin gilashi, domin har cikin Mayu raɓa tana iya daskarewa da dare ta ƙone masa shuka. Wannan daskararriyar raɓa ba a san ta a ƙasar Kano ba. Kalmar ƙanƙara wani abu daban take nufi.

Ke nan lissafin ya juya. Manomin Rimin Gado yana zuba irin lambunsa ne a ƙarshen damina zuwa kaka, wato daga Satumba zuwa Nuwamba, don shukar ta girma a cikin ɗari. Sanyin da Bature ke gudu shi ne abin da tumatir da albasa da kabeji da latas suke nema a nan. Malamin da ya kwafo wa yara cewa da bazara ake zuba irin tumatir ya koya musu abin da iyayensu za su yi wa dariya, kuma daga ranar da wuya su sake yarda da littafin.

Yadda ake rainon iri

Ba kowane iri ake raino ba. Kuɓewa da yakuwa da karas a mazauninsu ake shuka su. Amma tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, ƙwayar irinsu ƙanana ce, tsironsu kuma ba shi da ƙwari, don haka sai an fara tara su a wuri guda inda ido zai riƙa kai wa gare su. Wannan wuri shi ne komi ko fangali, wato ɗan fili da aka yi wa gefe da ƙasa don ya riƙe ruwa. Akan kafce shi, a farfasa hoge, a cakuɗa da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji ba ya yi, domin zafinsa yana kashe tsiro. Wasu sukan tara kara su ƙona a kan komin kafin zuba iri, abin da ke rage ƙwari da irin ciyawa, tokar kuma ta zama taki.

Daga nan sai a yafa iri, ko a ja layi da yatsa a zuba, a barbaɗa ƙasa kaɗan, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Ta kan ciyawar ake yayyafa ruwa safe da yamma, don kada ƙarfinsa ya tone irin. Da zarar tsiro ya leƙo, cikin mako guda ko fiye, sai a yaye ciyawar a mayar da ita 'yar rumfa a sama. In an bar ta, tsiron yakan yi tsawo ya yi fari, ya kasa tsayuwa. Tumatir yakan isa dashe cikin mako 3 zuwa 5, albasa kuwa sai ta kai 6 zuwa 8. Da la'asar sakaliya ake dashe, bayan an jiƙa komin sosai don saiwa ta fito da ƙasarta. (Ɗalibin nahawu zai lura da dasa da dashe, inda /s/ ta koma /sh/ a gaban wasalin /e/, misali ne mai kyau na ganɗantawa.)

Kariya daga hunturu

Cewa babu daskarewa ba ya nufin hunturu ba shi da ɓarna. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana zuwa a bushe, ɗauke da ƙura, ta tsotse danshin ƙasa da na ganye. Shi ya sa ake kafa darni ko zana ta ɓangaren da iskar ke fitowa, a kuma shimfiɗa ciyawa ko ɓuntun shinkafa a gindin shuka. Kuɓewa da alayyahu da barkono ba sa son sanyin dare. Sukan tsumbure, irinsu ma ya daɗe bai tsiro ba. Wannan ne dalilin tsadar ɗanyar kuɓewa da ɗari. Tun bayan annobar tsutsar tumatir ta 2016, wadda manoma suka laƙaba wa sharon, wasu sukan rufe komi da tsohon gidan sauro, dabarar da ke tare fara da tsuntsu da ƙadangare a lokaci guda.

Shuka a cikin mazubi

A cikin gida kuwa, aikin na mata ne, kuma ya girmi littattafan da ke koyar da shi. Fasasshiyar randa ko tsohon kasko ko daron da ya ɓule ba a yar da su. A ciki ake dasa ɗoɗɗoya da na'a-na'a da lansir. A yanzu an ƙara da yankakkiyar jarka da buhun siminti. Sharaɗi na farko shi ne mazubin ya kasance da huda a ƙasa, in ba haka ba ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Akan haɗa ƙasar gona da yashi da taki, domin jar ƙasa zalla takan ƙame ta zama kamar tubali. Mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a cikinsa ba a shuka abin ci a ciki, komai wankinsa.

Ruwa ba ya zama matsala sosai, tun da na alwala da na wankin shinkafa sun isa gindi biyar ko shida. Mai sabulu ne kawai ake kauce wa. Babban abokin gaba shi ne akuya da kaza, don haka akan ɗora mazubin a kan katanga ko turmin da ya tsage, ko a kewaye shi da ƙaya. Ƙasar cikin mazubi ta fi ta fili saurin bushewa da ɗaukar zafi, musamman a mazubin ƙarfe. Idan Maris ta kama, furen tumatir ya fara kaɗewa saboda zafi, sai uwargida ta ja tukwanenta gindin darbejiya, ta tuge tumatirin, ta zuba alayyahu da kuɓewa, waɗanda a lokacin ne suke samun yadda suke so.