Turin Ƙwallon Golf Daga Nesa: Me Ya Sa Ƙarfin Bugu Ya Fi Saiti Muhimmanci?

A watan Yulin 1970, a tsohon filin golf na St Andrews da ke Sikotland, wani Ba'amurke mai suna Doug Sanders ya iso rami na 18, wato na ƙarshe, a gasar Open. Ƙwallonsa na kwance kimanin ƙafa 30 daga ramin. Idan ya jefa ta cikin bugu biyu, kofi ya zama nasa. Bugun farko sai ya gaza, ƙwallon ta tsaya saura kusan ƙafa 3. Ya sunkuya ya yi na biyu, ta bi ta gefen rami ta wuce. Washegari aka yi wasan raba gardama tsakaninsa da Jack Nicklaus, ya sha kashi da tazarar bugu ɗaya tak. Har ya bar duniya bai taɓa ɗaukar ko ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na golf ba.

Kowa yana tuna ɗan gajeren bugun nan da ya ɓarar. Amma in ka duba da kyau, matsalar daga bugun farko ta soma. Da a ce ya ajiye ƙwallon a bakin rami, da na biyun ko yaro zai jefa. Wannan bugu na farko shi za mu duba yau, kuma za ka ga fiziks na da abin faɗa sosai a kansa.

Tukuna dai, me ake nufi da turi?

In ba ka saba da wasan ba, ga shi a taƙaice. Filin golf yana da ramuka 18, kuma wanda ya kammala su da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. Kewaye da kowane rami akwai wani dandali da aka aske ciyawarsa ƙasa-ƙasa kamar darduma, 'yan wasa suna ce masa girin. Da ƙwallo ta hau girin, ba a ƙara ɗaga ta sama. Sai a ɗauko sanda mai faffaɗan kai da ake kira fota, a tura ta ta gangara a ƙasa. Wannan shi muke kira turi, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na bugun da ƙwararren ɗan wasa ke yi a zagaye ɗaya turi ne.

Faɗin ramin milimita 108 ne, ita kuwa ƙwallon kimanin milimita 43. Ka tsaya daga nisan mita 15 ka hango shi, ka ga ɗan abin da ake nema.

Su ma ƙwararrun ba sa jefawa

Mark Broadie, farfesa a Jami'ar Columbia da ke New York, ya yi nazarin ɗimbin bayanan bugun 'yan wasan gasar PGA ta Amurka, ya kuma tattara sakamakon a littafinsa Every Shot Counts na 2014. Alƙalumansa sun nuna cewa daga nisan ƙafa 3, ƙwararru suna jefa kusan 96 cikin 100. Daga ƙafa 5 abin ya sauko zuwa wajen 77. Daga ƙafa 8, wato mita 2.4, rabi da rabi ne. Daga ƙafa 30 kuwa, wajen 7 kacal cikin 100 suke jefawa a bugu ɗaya.

To me wannan ke gaya maka? Abu biyu. Na farko, in kana mita 10 ko fiye daga rami, ka cire rai da jefawa a bugu ɗaya. In ta faɗa, kyauta ce. Na biyu, abin da ke hannunka shi ne inda ƙwallon za ta tsaya. Tazarar da ke tsakanin barin ta a ƙafa 3 da barin ta a ƙafa 8 'yar taku biyu ce, amma ita ce bambancin da ke tsakanin tabbas da caca. Burin turi daga nesa kenan: a kauce wa bugu uku.

Kuskure iri biyu, ɗaya ya fi tsada

Ƙwallo na iya kauce wa rami ta hanya biyu. Ko ta bi dama ko hagu, wato kuskuren saiti, ko kuma ta gaza ko ta zarce, wato kuskuren ƙarfi. Yawancin masu koyo saiti ne ke cinye musu hankali, ka ga mutum ya tsuguna yana ta leƙen layi minti guda cur. Bari mu yi lissafi mu gani ko ya dace.

A ce kana mita 15 daga rami a kan shimfiɗaɗɗen girin, sai fuskar fotarka ta karkace da digiri ɗaya. Ƙwallon za ta ƙare kimanin santimita 26 a gefen rami. Ko digiri biyu ne, rabin mita ne da 'yan kai. Ba komai, bugu na biyu mai sauƙi ne.

Yanzu ga ƙarfi. Abin da ke tsayar da ƙwallo mai gangara shi ne gogayyar da ke tsakaninta da ciyawa, kuma wannan gogayya tana rage mata gudu kusan daidai wa daida a kowace daƙiƙa. Sakamakon haka, nisan da za ta yi yana tafiya ne da gudu sau gudu. Ka ninka gudun sau biyu, nisan ya ninku sau huɗu. Ƙa'idar da ta sa motar da ke gudun kilomita 100 ke buƙatar fili ninki huɗu na mai gudun 50 kafin birki ya tsayar da ita, ita ce dai a nan.

Saboda haka kuskuren kashi 5 cikin 100 a gudun ƙwallo yana zama kusan kashi 10 a nisa. A girin mai matsakaicin sauri, turin mita 15 yana buƙatar ƙwallon ta fara gangara da gudun kimanin mita 4 a daƙiƙa. Ka ƙara mata 0.2 kawai, abin da hannunka da ƙyar zai ji, sai ta zarce rami da mita ɗaya da rabi. Ka ga kenan ta faɗa yankin da ƙwararru ma ke ɓarar da ɗaya cikin huɗu.

Ga kuma wani ƙarin: ƙarfi ne ke yanke saiti. In girin ya karkata gefe, ƙwallo mai tafiya a hankali ta fi daɗewa a kan gangaren, don haka ta fi lanƙwasa. Ba za ka iya zaɓar layi ba sai ka fara yanke shawarar ƙarfin da za ka sa.

Kowane girin da saurinsa

A 1935 wani ɗan wasan sha'awa a Amurka, Edward Stimpson, ya ƙirƙiro ma'aunin saurin girin, wanda hukumar golf ta Amurka ta gyara ta rungume shi a shekarun 1970. Sunansa Stimpmeter. Ba wani abin azo-a-gani ba ne, doguwar sandar alminiyom ce mai kwalbati a tsakiya. A ɗora ƙwallo, a ɗaga gefe ɗaya a hankali har ta gangaro da kanta, kullum tana sauka ciyawa da gudun kimanin mita 1.83 a daƙiƙa. Sai a auna nisan da ta yi. In ta yi ƙafa 10, a ce saurin girin 10 ne. A manyan gasanni yakan kai 12 ko ya haura.

Ka lura da ma'anar wannan. Bugun da ya kai ƙwallo mita 10 a girin mai sauri 8, shi ɗin dai zai kai ta mita 15 a girin mai sauri 12. Raɓar safiya, tsawon ciyawa, da ɓangaren da ciyawar ta kwanta, duk suna canza lissafin, har a fili ɗaya a yini ɗaya.

Gangare kuwa ya fi haka tasiri. Ɗauki girin mai sauri 10 da karkatar kashi 2 cikin 100, wato santimita 2 a kowace mita, wadda ido ba lallai ya kama ba. Bugun da zai yi mita 10 a shimfiɗe, in hawa ne zai tsaya a wajen mita 8, in gangara ne kuwa zai kai wajen mita 13. Shi ya sa turin gangara ya fi ba 'yan wasa tsoro: ɗan kuskure kaɗan, sai ƙwallo ta yi ta tafiya kamar ba za ta tsaya ba.

A wasu filayen Arewacin Najeriya da sauran wurare masu ƙarancin ruwa, an daɗe ana amfani da dandalin yashi da aka cakuɗa da mai a madadin ciyawa, ana ce masa burawun. In a irinsa kake wasa, lambobin za su bambanta, amma ƙa'idar gudu sau gudu tana nan daram.

A wuce ramin ne ko a tsaya a bakinsa?

Dave Pelz, masanin fiziks da ya yi aiki a NASA kafin ya koma koyar da golf, ya shahara da shawarar cewa a tura ƙwallo da ƙarfin da zai kai ta inci 17, wato santimita 43, bayan rami. Hujjarsa ita ce ƙwallon da ba ta kai ba babu yadda za ta faɗa, kuma ɗan ragowar gudu yana taimaka mata ta tsallake sawun takalma da ke kusa da rami.

Amma gudu yana da kuɗinsa. Brian Holmes ya lissafa a wata mujallar fiziks ta Amurka a 1991 cewa ƙwallon da ta iso tsakiyar rami da gudun da ya haura kimanin mita 1.63 a daƙiƙa ba za ta zauna ba. In kuma ta gefe ta shigo, iyakar ta fi haka ƙasa sosai. Wato gwargwadon gudun ƙwallo, gwargwadon ƙanƙancewar ramin a wurinta.

Shawarar Pelz tana da amfani a turin kusa da na matsakaicin nisa. Daga nesa kuwa, inda damar jefawa ba ta kai kashi 10 ba, kurakuranka za su warwatsu gaba da baya. In ka nufi bayan rami, ka matsar da dukkan warwatsuwar gaba kenan, waɗanda suka zarce sai su ƙara nisa. Gara ka nufi ramin kansa a matsayin wurin tsayawa, wasu su gaza kaɗan, wasu su wuce kaɗan.

Yadda jiki ke auna ƙarfi

Masu nazarin motsin jiki sun daɗe da gano cewa kuskuren tsoka yana girma tare da ƙarfin da aka sa. Ba za a iya kawar da wannan ba, sai dai a rage.

Hanya ta farko ita ce lilo. Tun zamanin Galileo aka san cewa lilo yana ɗaukar kusan lokaci ɗaya wajen kai da komowa, ko an ja shi kaɗan ko an ƙara. Gwanayen turi haka suke yi: in suna son nisa, sai su tsawaita jan fota baya, amma tsawon lokacin bugun kusan bai canzawa. Mai koyo kuwa yakan ja kaɗan sannan ya fizga da wuyan hannu, kuma fizga ba ta maimaituwa daidai sau biyu.

Ta biyu, tsakiyar fuskar fota. In ƙwallo ta bugi gefe, kan sandar yakan ɗan murɗe, wani ɓangare na ƙarfin ya salwanta. Sau da yawa mutum yana zargin idonsa bai auna nisa daidai ba, alhali bugun ne bai samu tsakiya ba.

Ta uku, ido. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta nuna tun 1992 cewa gwanayen turi sukan kafe idonsu wuri ɗaya na tsawon lokaci kafin bugu, yayin da idon marasa ƙwarewa ke ta yawo. In kana gwajin motsi kafin bugu, ramin za ka riƙa kallo. Ka tuna yadda kake jefa wa abokinka makulli daga nesa: shi kake kallo, hannu kuma ya san aikinsa.

To yaya za ka yi atisaye?

Kada ka zube ƙwallo goma a wuri ɗaya ka yi ta bugawa zuwa rami ɗaya. Daga ta uku za ka ji kamar ka gwanance, alhali gyaran ta baya kawai kake yi, kuma a wasa na gaske ba a ba ka ta biyu. Gwajin da John Shea da Robyn Morgan suka wallafa a 1979 ya nuna cewa masu atisayen da aka cakuɗa musu ayyuka sun fi shan wahala lokacin koyo, amma sun fi riƙe abin daga baya. Gwada waɗannan:

- Ƙwallo ɗaya, nisa daban kowane bugu: mita 8, sai 14, sai 10, sai 18, hawa da gangara.
- Auna nisan da takunka kafin ka buga. Tafiyar tana ba ka lamba, ƙafafunka kuma suna jin karkatar da ido bai gani ba.
- Da ka buga, kafin ka ɗago kai, faɗa wa kanka: ta gaza, ta wuce, ko daidai? Sannan ka duba. Haka ake haɗa abin da hannu ya ji da abin da ya faru.
- Sa wa kanka ma'auni: ƙwallo ta tsaya cikin kashi 10 na nisan, wato mita ɗaya a turin mita 10.
- Kullum ka ƙarasa bugu na biyu, ka kuma rubuta sau nawa ka yi uku.

Ranar wasa kuma, 'yan mintunan da kake da su kafin farawa, ka ba dogayen turi kaso mafi tsoka, don hannunka ya san saurin girin na wannan rana. In ka ƙirga bugu ukun da kake yi a zagaye yanzu, ka sake ƙirgawa bayan wata guda na irin wannan atisaye, lambar da kanta za ta gaya maka ko ana ci gaba.