Kafin Ka Miƙa wa Ɗan Canji Kuɗinka

Da zarar an gama girbi, motocin da ke tashi daga Dakusa zuwa birnin Damagaram sukan cika da matasa masu tafiya ci-rani. Wasu Kano suka nufa ta Matamai da Daura, wasu Agadas za su bi su wuce Libiya ko Aljeriya, wasu kuwa sai Abijan ko Kwatano. Ga kuma maniyyata Hajji da Umara. Kusan kowa ya sayar da wani abu kafin ya taso, wake ko rago ko buhun gero. Abin takaicin shi ne, mutumin da zai yini yana ja-in-ja a kan dala goma a kasuwar dabbobi, shi ne zai damƙa wa ɗan canji jika ɗari bai tambayi kowa farashi ba.

Da farko dai ka san kuɗin da ke aljihunka. Sefa ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, kuma har yau bai motsa ba. Ƙasashe takwas ne ke cin kasuwa da takardar da bankin BCEAO ke bugawa: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Mai zuwa ɗayansu ba ruwansa da canji. Sefar Kamaru da Chadi kuwa darajarsu ɗaya da tamu, amma wani banki ne daban ke buga ta, don haka mai shago a Njamena yana iya ƙin karɓar taka, ɗan canji kuma sai ya yanki la'adarsa.

Naira ce ke buƙatar natsuwa, domin da ita muka fi hulɗa. A watan Yunin 2023 babban bankin Najeriya ya sake ta kasuwa ta yanke mata farashi. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, jikar sefa ita ma ta wuce naira 2,000. Wanda ya dawo daga Kano ya ɓoye ribarsa da naira a ƙarƙashin katifa ya wayi gari rabinta ya narke. Kafin wannan ma, sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022 ya bar fatake da yawa na wannan gefen iyaka riƙe da tsofaffin kuɗi, ba su da asusu a Najeriya balle su zuba. A ganina naira kuɗin kashewa ce, ba ta ajiya ba. Canza abin da zai kai ka masauki, ka bar sauran da sefa, ka riƙa canzawa gwargwadon buƙata.

Kowane ɗan canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa, kuma a tsakaninsu yake cin abinci. Mu ɗauka yau yana sayen jika a naira 2,500, yana sayar da ita a 2,600. Ka ba shi jika ɗari, ya ƙirgo maka naira 250,000. Ka fasa tafiya, ka mayar masa nan take: jika 96 da 'yan kai zai ba ka. Kusan jika huɗu ta tafi ba ka taka ko bakin tasha ba. Shi ya sa yawan juya kuɗi asara ne. Maniyyacin da ya mai da sefarsa naira, ya sayi dalar Amurka a Wapa ta Fagge a Kano, sannan ya nemi riyal a Makka, sau uku aka yanke shi. Riyal ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.75 tun 1986, sefa kuma da yuro, saboda haka guzuri ya tashi daga sefa kai tsaye zuwa dalar Amurka ko yuro, a ƙarasa canjin a Saudiyya. Sai dai a kula da takardun. Tsohuwar dalar Amurka da wadda ta yage ko aka yi wa rubutu farashinsu ƙasa yake, takardar yuro 500 kuwa an daina fitar da ita tun 2019, wurare da dama ba sa son ta.

Filin jirgi da otal da bakin iyaka da dare, nan ne farashi ya fi muni, don sun san ba ka da zaɓi. A kasuwa ka tambayi mutum uku, kuma tambayar kada ta tsaya ga "yau nawa jika take?" Ce masa: "Alhaji, in na ba ka jika hamsin, nawa za ka sa mini a hannu?" Ya buga a na'urar lissafi ka gani da idonka. In ya miƙo ɗauri da roba, kwance shi ka ƙirga a gabansa, takarda bayan takarda, domin a tsakiyar ɗauri ake cusa jabu ko ƙaramar takarda. Kada ka saki naka sai ka gama, kuma kada ka mayar masa da ɗaurin wai ya sake ƙirga maka. Mai gaskiya ba ya fushi da ƙirge; wanda ke ce maka "yi sauri, jami'ai na zuwa", bar masa kuɗinsa.

Mai katin banki, idan na'urar cire kuɗi a waje ta ba shi zaɓi, ya zaɓi a caje shi da kuɗin ƙasar da yake ciki. Masu dawowa daga Aljeriya da Libiya su rabu da dinari tun can, don a gida sai yadda mai saye ya ga dama. Wanda ke ɗauke da kuɗi masu yawa kuma ya bayyana su ga jami'an duwan, ya adana takardar canjinsa, domin kuɗin da aka kama a ɓoye ana iya ƙwace su gaba ɗaya.