Hasumiyar Gobarau a Duniyar Gizo

A ƙarshen shekarar 2024, bayan na kammala Umara ina jiran ranar komowa gida, wani tsohon abokin karatuna da ke koyarwa a Jidda ya ja ni zuwa unguwar Balad, wadda alhazanmu suka fi sani da sayen tsaraba. Na ɗauka kantin turare za mu, sai ga mu a ƙofar wani gidan kallo mai suna teamLab Borderless, wanda aka buɗe a watan Yunin wannan shekara. Ciki duhu ne, kuma babu taswirar da za ta nuna maka inda za ka bi. Furanni na haske suna tsirowa a bango da daɓe, su buɗe, su yi yaushi, su zube. Na kai hannu na taɓa bangon, sai furannin da ke wurin suka watse kamar an kaɗa su da iska. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hotunan ba su tsaya a ɗaki guda ba, suna fita daga wannan su shiga wancan, kamar yadda mu 'yan kallo muke yi.

Tun a wurin tunanina ya komo gida, ya tsaya a gindin Hasumiyar Gobarau. Amma kafin mu kai can, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki, domin babu siddabaru a cikinsa.

Abin da ake gani a bangon ba fim ne da aka ɗauka aka ajiye ake maimaitawa ba. Kwamfuta ce take zana shi nan take. Akwai kyamarori da na'urorin auna tazara a rufin ɗakin, waɗanda suke gane inda mutum yake tsaye da inda ya kai hannunsa, su sanar da kwamfuta, ita kuma ta sake zanen sau da dama a cikin daƙiƙa guda, sannan majigi ya haska shi. Saboda haka abin da ka gani yau ba zai sake dawowa daidai yadda yake ba, tun da mutanen da za su shiga gobe daban ne. Ƙungiyar da ta ƙirƙiro wannan, wadda Toshiyuki Inoko da abokansa suka kafa a Japan a 2001, ta buɗe gidanta na farko irin wannan a Tokyo a 2018 da kwamfutoci 520 da majigi 470, kuma mutum sama da miliyan biyu suka shiga a shekarar farko.

Fannin ya girmi wannan ƙungiya nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1970 wani Ba'amurke, Myron Krueger, ya haɗa ɗakin da inuwar mutum take wasa da zanen kwamfuta a kan allo. Ayyuka biyu ne dai suka fi kama zuciyata, wataƙila saboda sana'ata ta nazarin harshe. Na farko shi ne na Jeffrey Shaw na 1989, inda mutum yake hawa keke na gaske da aka kafe a ɗaki, yana tuƙawa yana ratsa titunan Manhattan a kan allo, amma maimakon gine-gine, manyan haruffa ne suke tsaye a gefen titi, wato kana tafiya kana karanta birnin. Na biyu shi ne na Camille Utterback da Romy Achituv na 1999, inda haruffa suke zubowa kamar ruwan sama, su sauka a kai da kafaɗar hoton mai kallo, idan ya miƙa hannu ya tare su sai su taru su zama kalmomi.

To, da wane suna za mu kira wannan abu da Hausa? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin abin da ba shi da suna a harshenka baƙo ne a gidanka ko da ya shekara. Hausawa sun riga sun yi mana rabin aikin ran da suka kira intanet yanar gizo. Mai yiwuwa gizo-gizo mai saƙa kawai aka nufa, amma kalmar ta zo da kayanta: akwai Gizo mijin Ƙoƙi, sarkin wayo na tatsuniya, akwai bakan gizo da ake gani ba a taɓawa, sannan idan mutum ya ga abin da babu shi sai ya ce idonsa ne yake masa gizo. Ban san wata kalma da ta fi wannan dacewa da duniyar da ake gani a shiga amma ba a iya damƙa ba. Don haka ni dai duniyar gizo nake ce mata, kishiyar duniyar zahiri. Shi kuwa zanen da yake motsi gwargwadon motsin mai kallo, ina ba da shawarar a kira shi zane mai amshi. Mai kallo ne yake bayarwa, zanen ya karɓa, kamar makaɗi da 'yan amshinsa. Kalmar majigi ma haka ta shigo: daga sunan da Turawa suke kiran fitilar haska hoto aka aro ta a zamanin da motocin gwamnati suke yawo gari-gari suna nuna fim a ƙofar fada, yau kuwa babu mai jin baƙuntarta.

Hasali ma, kallon da mai kallo yake da hannu a cikinsa ba sabon abu ne gare mu ba. 'Yan tashe ba su da dandamali. Ƙofar gidanka ce fagensu, kuma abin da matan gida suka mayar musu shi yake juya wasan. Mai tatsuniya ba ta ci gaba sai yara sun amsa. Zama a kujera a yi tsit ana kallon abu a bayan gilashi, shi ne baƙon da aka kawo mana, kuma ina kyautata zaton yana daga cikin dalilan da suka sa gidajen tarihinmu suke zama wayam in ba ranar da wata makaranta ta kawo ɗalibai ba.

Yanzu mu komo ta Dikko ɗakin kara. Gobarau tana nan tsaye, tsawonta kimanin mita 15, ginin ƙasa da azara. Masana sun yi saɓani a kan shekarunta, amma ruwayar da ta fi yaɗuwa tana danganta asalinta da zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, ƙarnin da a ƙarshensa Shehu Almagili ya zo Katsina. Masallacin da take jikinsa a da babu shi, ita kaɗai ta rage. Ganuwar da Heinrich Barth ya gani a 1851, ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14, yau sai ka yi da gaske kafin ka nuna wa yaro guntunta. Ruwa ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa da masu neman fili sun ci nasu. Sunayen ƙofofi suna nan a bakin 'yan acaɓa da masu Keke Napep, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka wadda ake cewa ta nan Lugga ya shigo a 1903. Ga mafi yawan matasanmu waɗannan sunayen tasha ne. Na taɓa tambayar ɗalibaina a aji me ya sa ake ce wa wuri ƙofa alhali babu bango hagu da dama, aka yi shiru har na ji kunyar tambayar.

Anan ne zane mai amshi yake da aikin yi, kuma ba sai mun nemi kwamfuta 520 ba, mu da har yanzu muke lissafin awannin da za a kawo wuta. Wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa. Idan aka auna abin da ya rage, aka haɗa da tsofaffin hotuna da taswirori da bayanin dattawa, ana iya gina ganuwar a kwamfuta, ta yadda duk wanda ya tsaya a Ƙofar Guga ya ɗaga wayarsa zai ga titin da yake kai da motocinsa, sannan ya ga bangon ya tashi a kansa, yana tafiya bangon yana biye da shi. Ita ce dabarar da ta sa matasan duniya suka riƙa yawo a titi suna farautar dodannin Pokémon Go a 2016. Haka nan tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu gidan tarihi na ƙasa ne, yana da bangaye da tsakar gida da majigi biyu ko uku za su raya da dare. A nan ne za a iya nuna kayan da aka haƙo a kushewun Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani a 1992, waɗanda aka kai Mainz ta Jamus aka gyara, yaro ya juya su da hannunsa a iska ya ga kowace fuska, abin da ba za a taɓa barinsa ya yi da na ainihin ba.

Wani zai ce wannan aikin Turawa ne da mutanen Japan. A 2019 wani ɗan Nijeriya, Joel Kachi Benson, ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice da ɗan gajeren fim ɗinsa a kan iyayen 'yan matan Chibok, wanda ake kallo da tabarau na musamman, mai kallo ya waiga ko'ina ya ga kansa a tsakiyar garin. A 2022 kuma aka buɗe taskar Digital Benin, wadda ta tattara bayanan kayan tarihin Benin 5,246 da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. Abin da ya fi burge ni a wannan taska shi ne an jera kayan da sunayensu na harshen Edo, har da muryar da take furta su.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Idan muka yi sake wasu suka yi mana wannan aiki daga nesa, Gobarau ta gizo za ta yi magana da Turanci, in kuwa an tausaya mana a manna mata Hausar inji. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke da kama ɗaya a takarda. Bahaushe yana rarrabewa ba tare da ya yi tunani ba, inji kuwa sai ya mayar da birni abin tuƙawa. Ƙara da cewa manhajoji da yawa suna zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, ka ga Ƙofar Ƙaura ta koma abin da babu Bakatsinen da zai gane. Maganin wannan shi ne muryar mutane. A ɗauki dattawan unguwannin da ke kewaye da hasumiyar da Katsinancinsu, da “na ce mashi” ɗinsu, kada wani edita ya gyara musu zuwa Hausar littafi. Sannan a rubuta a yarjejeniya tun farko cewa asalin ma'aunai da muryoyin suna ajiye a Katsina, a jami'o'inmu, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Alƙalam, kowa ya zo ya nema a nan.

Akwai kuma batun addini, wanda bai kamata a kauda kai daga gare shi ba. Da yawa daga cikin malamanmu ba su sakin jiki da surar abu mai rai, amma fasaharmu ta gado ta riga ta kauce wa wannan: dagi, zanen bango na magina, aikin wuyan riga, zayyanar allo. Duk lissafi ne da layi da launi, irin abin da kwamfuta ta fi iyawa. Ina hango bangon da yaro zai ja yatsa a kansa dagi ya saƙa kansa yana bin sa, ko ruwan haruffan ajami da zai tara a tafin hannu su zama karin magana. Sai dai a nan akwai iyaka: ayar Alƙur'ani ba abin da za a haska a daɓe ana takawa ba ne, ko a zubo ta a jikin wanda ba a san tsarkinsa ba. Wanda ya taso a cikinmu ba sai an gaya masa wannan ba, wani dalili ke nan da ya sa aikin ya kamata ya fito daga hannunmu.

Haɗari na ƙarshe shi ne mahukunta su ga hasumiya tana sheƙi a allo su ɗauka an gama. Kwafi ba ya hana damina cin ƙasa. Da majami'ar Notre-Dame ta Faris ta ƙone a watan Afrilun 2019, awon da marigayi Andrew Tallon ya yi mata da hasken leza ya taimaka wajen sanin yadda take, amma kafintoci da masassaƙa ne suka mayar da ita kafin a sake buɗe ta a Disambar 2024. Mu ma awo zai gaya mana inda ta tsage da yadda tsagar take ƙaruwa shekara zuwa shekara, amma yaɓe sai magini, kuma maginan da suka san kwaɓin ƙasa da makuba suna ta ƙarewa ba tare da magada ba. Duk kasafin da zai sayi majigi bai ware wa magina nasu ba, ni ban goyi bayansa ba.

Kwanan baya na ɗebi ɗalibai shida muka je gindin Gobarau da wayoyinmu, muka zagaye ta muna ɗaukar hoto ta kowace kusurwa, ɗaruruwa, muka zuba a wata manhaja ta kyauta da take haɗa hotuna su zama siffa. Abin da ya fito ya yi kama da ita, sai dai samanta a huje yake, domin babu wanda ya iya ɗaukarta daga sama. Wani dattijo da ke zaune a inuwa ya karɓi wayar, ya juya hasumiyar da yatsa sau biyu, ya ce matakalar ba haka take ba a lokacin ƙuruciyarsa, ya fara ba mu labarin wanda ya gyara ta da irin ƙasar da aka ɗebo. Babu ɗayanmu da ya tuna ya kunna rikoda. Mun yi da shi za mu koma ranar Asabar bayan La'asar.