Malam-buɗe-littafin da aka ce ya ƙare, sai ga shi a defon man sojoji

A kudancin birnin Los Angeles na Amurka akwai wani tudu da ya kutsa cikin teku, ana kiransa Palos Verdes. Can ne gidan wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi da babu irinsa a ko'ina a duniya. In ya buɗe fukafukansa bai fi inci ɗaya da ɗan wani abu ba. Namijin shuɗi ne, macen kuma kalarta ta fi kusa da ruwan ƙasa. Yana da 'yan uwa a wasu sassan Amurka, amma wannan reshen na Palos Verdes daban yake, kamar yadda bunaji da bokolo duk shanu ne, amma ɗan kara ba ya haɗa su.

Matsalarsa abinci ce. Saniya in ba ta samu ciyawa ba za ta ci harawa, ta ci dusa, a nan kudu har ɓawon rogo muna ba su. Shi ko tsutsarsa, kafin ta yi fiffike, tsiro iri biyu kacal take ci, dukkansu dangin wake. A kansu macen take zuba ƙwai. In ka share tsiron nan, ka share shi.

Haka kuwa aka yi. Gidaje suka cinye tudun. A 1980 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, amma a 1983 hukumar garin Rancho Palos Verdes ta sa katafila ta baje filin da aka san ya rage a ciki, don a yi wajen wasan ƙwallo. Daga nan ba a sake ganinsa ba. Gwamnatin tarayya ta kai hukumar kotu, kotu ta yi watsi da ƙarar, wai dokar "mutum" ta ambata, hukumar gari kuwa ba mutum ba ce. Sai a 1988 majalisa ta toshe wannan kafar.

Shekara goma sha ɗaya ana ganin ya tafi ke nan. A 1994 wani masanin ƙwari, Rudi Mattoni, ya shiga defon man sojoji da ke unguwar San Pedro yana wani bincike, kwatsam sai ga shi yana shawagi. Waɗanda suka rage ba su kai ɗari ba.

To me ya tsare shi a can? Shinge dai na farko, tunda ba mai gina gida a filin soja. Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na biyun. Tsiron da yake ci ba ya son duhuwa, ya fi fitowa a ƙasar da aka tone ko aka share. Aikin gyaran bututun mai da ake yi lokaci-lokaci shi ya riƙa buɗe masa wuri. Wato ko an kewaye filin an ce kar kowa ya taɓa, manyan ciyayi za su rufe tsiron, ƙwaron ya mutu da yunwa. Dole sai da hannun mutum, ana cire ciyawa ana dasawa.

Yanzu ana kiwonsa a keji, ciki har da kwalejin Moorpark, ana sakin wasu a filayen da aka gyara a tudun. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin tsira ba tukuna. Sau ɗaya yake fitowa a shekara, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, kowanne kuma kwanaki kaɗan yake yi a raye. California ƙasar fari ce, in ruwa ya yi ƙaranci tsiron ba ya yin kirki, a irin waɗannan shekarun masu ƙirga kan zagaye defon su ga 'yan ƙalilan kawai.