Tagwayen wayoyin da ke hana saƙo rikicewa

Mai gyaran talabijin a Boɗinga ko Shagari, in ya kwance bayan filasma, zai ga wata lallausar igiya da ta tashi daga babban allon na'ura zuwa gilashi. Siraran wayoyin cikinta bibbiyu suke tafiya, galibi a murɗe da juna. Saƙo guda suke ɗauke da shi, sai dai in ƙarfin lantarki ya hau a ɗaya, a ɗayar sauka yake yi. Na'urar da ke karɓa ba ruwanta da ƙarfin kowace ita kaɗai. Tazarar da ke tsakaninsu take karantawa.

Ɗauki dogo da gajere a bayan a-kori-kura kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Duk tsallen da motar za ta yi tare za su yi shi, dogon kuma bai daina fin gajeren tsawo ba. Haka hayaniyar janareta ko inbata ke faɗa wa wayoyin biyu daidai wa daida, tazarar ta tsira.

Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da suka fi yaɗuwa shi ne LVDS, wanda kamfanin National Semiconductor na Amurka ya fito da shi a 1994. Lantarkinsa ɗan mitsitsi ne: miliamfiya 3.5 ke ratsa resisto mai om 100, a samu tazarar milibolt 350 kacal. Ƙanƙantar nan ce ke ba shi gudu ba tare da zafi ba.

Aikin ya fi tsauri a kan FPGA, ƙwayar da injiniya ke iya sake tsara cikinta bayan ta bar masana'anta. Kamfanin Xilinx ne ya fara sayar da ita a 1985, kuma irinta na aiki a na'urorin turakun sadarwa da dama. Ƙafafunta suna da yawa, amma ba kowace biyu ake haɗawa ba: an riga an aurar da su, ɗaya P ɗaya N. Wajibi ne injiniya ya sanar da ƙwayar cikin tsarinsa cewa ƙafafun nan tagwaye ne. A ƙwayoyin Xilinx ana sa mashigin IBUFDS, ya mai da biyun saƙo guda. Resiston nan ma sai an tanade shi dab da ƙafafun, ko a kunna na cikin ƙwayar, in ba haka ba saƙo ya riƙa dawowa yana karo da na bayansa. Layukan biyu kuma tsawonsu ya zo ɗaya.

A ganina nan ne gaggawa ke cin masu gyaran talabijin. Igiya ta tsinke, a yi wa waya ɗaya ƙari a bar 'yar'uwarta, ko a warware murɗin don dalma ta kama. Hoto ya dawo da zane-zane, a ɗora wa gilashi laifi, mai kaya ya sayi sabo alhali igiya kawai ya kamata a canza.