Gansakuka da Kifin Shak: Wanne Ya Fi Kusa da Ƙarewa?

Bahaushe kan kira koren abin da ke lulluɓe bakin rijiya, ko gindin dutse da damina, gansakuka. Kalmar ta haɗa abubuwa biyu: wadda ke kwance bisa ruwa, da wadda ke manne da dutse ko bango. Ta biyun muke nufi, irin wadda kan tofo a inuwar duwatsun Kazaure da Roni. Masana sun ƙidaya iri wajen 12,000. Ba ta da saiwa ta gaskiya, ba ta fure. Ƙwayoyin haihuwarta ƙanana ne tamkar ƙura, iska ke yaɗa su. Wani iri nata, mai suna Bryum argenteum, ana samunsa a kowace nahiya, har Antatika mai ƙanƙara. In rani ya yi ta bushe ƙamas, da yayyafi ya sauka sai ta farfaɗo.

To, mu bar tudu mu nufi teku. Cikin dangin kifin da ake kira shak akwai Rhincodon typus, wanda ya fi kowane kifi girma a duniya, tsawonsa kan wuce mita 12. Duk da haka, a 2016 ƙungiyar IUCN, wadda ke tsara jerin halittun da ke cikin hatsari tun 1964, ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa, domin yawansa ya ragu da fiye da rabi cikin shekara 75. Dalili kuwa, masunta na kama shi, jiragen ruwa na bankarsa, shi kuma ba ya isa haihuwa sai bayan shekaru masu yawa.

Ashe ke nan girman jiki ba kariya ba ne. Abin dubawa shi ne, wace halitta ce ke saurin mayar da gurbin abin da aka ɗebe mata?

Wannan ma'auni ya shafe mu. Kuka da ɗorawa da gawo na gonakin Ɓaɓura da Gwiwa sun fi kama da shak bisa gansakuka: gatari kan kayar da su cikin yini, amma sai an shekara da shekaru kafin magajinsu ya yi inuwa. Saboda haka ma'aikacin daji ko na gona, kafin ya ba da izinin sara, ya kamata ya tambaya: shekara nawa za a yi kafin wata ta tsaya a nan?